Me Ke Kai Matasa Birni Alhali Babu Aiki?

Da zarar an gama kaka, an zuba hatsi a rumbu, sai ka ga samarin ƙauye sun naɗe tabarma sun nufi tasha. Wasu Kano za su, wasu Kaduna, wasu Ikko. Wannan shi ne cin rani, kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A ranin 1952 zuwa 1953 an ƙidaya masu fita daga Lardin Sakkwato ta manyan hanyoyi da mashigan ruwa, aka sami mutum sama da 250,000, kamar yadda wani Bature masanin labarin ƙasa mai suna Mansell Prothero ya ruwaito. Da yawansu kudu suka dosa, wasu har ƙasar da ake kira Gana a yau.

Abin tambaya shi ne, tun da kowa ya san birni cike yake da marasa aiki, me ya sa ake ta tururuwa zuwa can? Iyayenmu sukan ce ruɗin duniya ne da son ganin wutar lantarki. Masana tattalin arziki kuwa sun daɗe suna binciken al'amarin, kuma abin da suka gano ya kamata ɗalibi da uba su san shi.

Da farko dai akwai Arthur Lewis, mutumin tsibirin Santa Lusiya, wanda ya taɓa zama mai bai wa gwamnatin Gana shawara. A 1954 ya bayyana cewa a ƙasashe matalauta hannu ya yi wa gona yawa, watau ko an rage mutane amfanin gona ba zai ragu ba. Saboda haka in an kafa masana'antu a birni, sai su kwashi rarar mutanen nan, ƙasa ta ci gaba. Amma da aka sami mulkin kai a Afirka, sai aka ga masu shigowa birni sun ninka guraben aiki, ga shi kuma ba su fasa zuwa ba.

Mutum biyu ne suka warware wannan ƙulli a 1970, John Harris da Michael Todaro, waɗanda suka yi aiki a Nairobi ta ƙasar Kenya. Suka ce mai barin ƙauye ba wawa ba ne, lissafi yake yi. Abu biyu yake dubawa, yawan albashin birni da kuma yiwuwar samun aikin.

Bari mu buga misali. A ce saurayi yana samun Naira 30,000 a wata a ƙauye, aikin kamfani a birni kuwa ana biyan Naira 90,000. In cikin masu nema biyu ɗaya ke dacewa, to, abin da zai sa rai da shi rabin 90,000 ne, watau 45,000. Wannan ya fi 30,000, don haka zai tafi. Haka za a yi ta tafiya har masu nema su yi yawa, ya zama ɗaya cikin uku ke samu. A nan ne abin sa rai zai sauko 30,000, ya yi daidai da na ƙauye, tafiya ta lafa.

To, ga inda gizo ke saƙar. A ce birnin nan yana da gurbin aiki 100, masu nema 300, marasa aiki ke nan 200. Sai gwamnati ta ji tausayi ta ƙara gurbi 10. Labari na isa ƙauye mutum 30 za su taso, domin kowane gurbi mutum uku yake jawowa. Goma su samu, ashirin su zauna a gindin bishiya. Marasa aiki sun koma 220. An yi magani, ciwo ya ƙaru. Irin haka ta faru a Kenya a 1964, lokacin da gwamnati da kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi yarjejeniya a ƙara ma'aikatan kamfanoni da kashi 10 cikin ɗari. An ɗauki mutane, amma ba da jimawa ba sababbin zuwa suka cike wurin waɗanda aka ɗauka.

Sai dai wanda bai sami aikin albashi ba, ba lalle ne yana zaune ba. Keith Hart, wani Bature da ya zauna a unguwar Nima ta birnin Ankara, inda Hausawa ke da yawa, ya lura cewa waɗanda takardun gwamnati ke kira marasa aiki kullum suna cikin nema. Wannan dako, wancan ga-ruwa, wani wankin hula, wani tireda. A rubutunsa na 1973 ya nuna cewa waɗannan ƙananan sana'o'i da ba su cikin littafin hukuma su ne ke riƙe da talakan birni. Duk wanda ya san Kasuwar Kurmi ko Sabon Gari bai buƙatar a yi masa dogon bayani.

Bayan haka, kada a ɗauka duk tafiya asara ce. A arewacin Bangaladash akwai lokacin yunwa kafin girbin shinkafa, kamar yadda mukan sha wuya a tsakiyar damina in rumbu ya ƙare. A 2008 wasu masu bincike suka ba magidanta a wasu ƙauyuka kuɗin mota, kimanin dala takwas da rabi, don wani daga gidan ya je birni neman aiki na ɗan lokaci. A ƙauyukan da ba a ba da kuɗin ba, gida 36 cikin ɗari ne suka tura mutum, inda aka bayar kuwa 58. Gidajen da suka tura mutum cimarsu ta ƙaru da wajen kashi 30 cikin ɗari, kuma da yawa sun sake tafiya a shekarun baya da kuɗin aljihunsu. Da aka faɗaɗa shirin daga baya bai ba da irin wannan sakamako ba, aka rufe shi a 2019. Duk da haka an koyi darasi: tafiyar wanda ya san inda za shi, da wanda zai sauke shi, da ranar komowarsa, daban take da ta wanda ya fita da fatan Allah ya kawo.

Yanzu kuma ga maganar gobe. Aikin albashi da ake rububinsa shi ma ba shi da tabbas. Masaƙun Kakuri a Kaduna, da suka ɗauki dubban ma'aikata, yawancinsu sun rufe tun shekarun 2000. A 2013 wasu malamai biyu na Jami'ar Okisfod, Frey da Osborne, suka ƙiyasta cewa kashi 47 cikin ɗari na ayyukan Amurka na cikin haɗarin na'ura ta karɓe su. Wasu masana sun ce adadin ya yi yawa, amma an fi yarda cewa aikin da ake maimaita abu ɗaya kullum, kamar kwafar takardu da tara lissafi, shi kwamfuta ke fara cinyewa. Aikin akawu ke nan, wanda a da shi ne burin duk mai takardar sakandare.

Me za mu ɗauka daga duk wannan? Ga hukuma, lissafin Harris da Todaro ya nuna cewa maganin cunkoson birni yana ƙauye. In samun ƙauye ya tashi, ba sai an tare kowa a tasha ba. Mun ga alama a Kadawa da Kura, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, ya sa ake noman tumatir da alkama da shinkafa da rani, har wasu ke zuwa can cin rani. Ga iyaye, maimakon faɗa ko hani, a zauna da yaro a yi lissafin tare: wurin wa za ka sauka, wace sana'a ka iya, yaushe za ka komo? Mu kuwa ɗalibai, kada mu dubi albashin wanda ya dace kaɗai, mu tuna da mutum biyun da suka tsaya a layi tare da shi suka koma hannu rabbana. Mu haɗa takarda da sana'ar hannu tun muna makaranta, ko gyaran famfo da injin ban-ruwa, ko haɗa wutar sola, ko ɗinki, ko aikin kwamfuta.

Hausawa sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune, sun kuma ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Duka biyun gaskiya ne, mai hankali shi ne wanda ya auna su kafin ya naɗe tabarma. Allah ya ba mu abin yi mai albarka, amin.