Jar Yanyawa da Ɓeran Zinariya

Ya kai mai karatu, ka san yanyawa ta dajinmu. To, tana da 'yar'uwa da ta fi ta girma, ana ce da ita jar yanyawa. Mazauninta ƙasashen Turai ne da Asiya da Amurka ta Arewa, har da arewacin Afirka. Akwai kuma wata 'yar dabba, galibi a Afirka ta Kudu, wadda za mu kira ɓeran zinariya sabo da ƙyallin gashinsa, ko da ya ke ba ɓera ba ne. Iri 21 gare shi.

Dukansu biyu suna da gashi, haihuwa su ke yi, suna kuma ba 'ya'yansu nono. Don haka masana suka sa su cikin dabbobi masu shayarwa. Daga nan fa hanya ta rabu.

Jar yanyawa a bisa ƙasa ta ke farauta. Tana da dogayen ƙafafu, da ido mai gani da dare, da manyan kunnuwa, da wutsiya mai yawan gashi. Takan ji motsin ɓera cikin ciyawa, ta daka tsalle ta danne shi. Cikinta kwana 52 ne ko kusa da haka, takan haifi huɗu ko biyar.

Shi kuwa ɓeran zinariya a ƙarƙashin ƙasa ya ke zama. Tsawonsa daga inci 3 zuwa 8 ne. Makaho ne, fata ta rufe idanunsa. Ba shi da leɓatun kunne, ba a kuma ganin wutsiyarsa, gama a rami ba su da amfani. Babban farce gare shi a ƙafar gaba, shi ne fartanyarsa. Yaya ya ke samun abinci? Yakan ji motsin gara da tana ta cikin ƙasa, ya bi su. Wanda ke hamadar Namib ma iyo ya ke yi cikin rairayi. 'Ya'yansa ɗaya ne zuwa uku.

Ga abin mamaki. Yanyawa dangin kare ce da dila, kowa ya gani. Amma ɓeran zinariya, da masana suka bincika asalinsa, sai suka tarar ya fi kusa da giwa da agwada da dabgi bisa ga ɓera. Ashe gaskiya ne, kama da wane ba ta wane.

To, in ka ga baƙuwar dabba, kada ka yi gaggawar yanke mata dangi. Dubi ƙafarta da idonta da kunnenta tukuna, su za su gaya maka inda ta ke neman abinci.