Sabo da Sauka a Ƙasa: Musabbabin Haɗarin Ƙananan Jiragen Sama Masu Sauka a Ruwa Yayin Horo

Asalin ma'anar kalmar "jirgi" a Hausa abin hawa ne na ruwa, daga bisani aka faɗaɗa ta zuwa na ƙasa da na sama. Ƙaramin jirgin saman da ake ɗora shi kan ƙafafu biyu masu siffar kwalekwale ya haɗa halin jirgin ruwa da na sama, kuma a mahaɗar nan ne mafi yawan haɗarin koyonsa yake. An fi amfani da shi a Kanada da Alaska, inda tafkin Hood na birnin Ankorej ya fi kowane sansani irinsa zirga-zirga a duniya.

Mai koyon wannan jirgi galibi ba sabon shiga ba ne. Matuƙi ne da ya riga ya mallaki lasisi, ya kuma saba da sauka a kan kwalta. Dokar Kanada ta amince a ba shi izinin ruwa bayan horon sa'o'i 7 kacal, wanda lokaci ne da bai isa ya kankare sabo ba.

Wannan sabo ya fi cutarwa idan iska ta ɗauke, ruwa ya kwanta lumui kamar madubi. Ido kan kasa tantance tazarar da ta rage, domin hoton gajimare da bishiyoyi ne kawai yake gani. Matuƙin da ya saba ɗaga hancin jirgi dab da taɓa ƙasa sai ya yi hakan tun yana sama, gudu ya ƙare masa ya faɗo, ko kuma ya makara, gaban ƙafafun ya soki ruwa jirgin ya wuntsila. Saboda haka ake koyar da cewa a daidaita hanci da ƙarfin inji tun daga nesa, a riƙa gangarowa da abin da bai wuce ƙafa 150 a minti ɗaya ba, a jira ruwa ya taɓa jirgin da kansa. Jiran nan shi ne mai wuya, domin ya saɓa wa duk abin da hannun ɗalibi ya haddace.

Haka abin yake ga jiragen da ƙafafunsu ke ɗauke da tayoyi. Sakin taya kafin sauka wajibi ne a filin jirgi, amma a ruwa shi ke kifar da jirgi nan take. Ga kuma rashin birki, ga iskar gefe da kan ɗaga fiffike yayin juyawa.

Karon kansa ba kasafai yake kisa ba. Bayan haɗarin Lyall Harbour na 2009, wanda ya ci rayuka 6, hukumar binciken haɗurran sufuri ta Kanada ta nuna cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na mace-mace a jiragen da suka faɗa ruwa suka nutse, shan ruwa ne sanadinsu. Jirgi ya kife, ruwa ga sanyi ga duhu, sai mutum ya rasa inda mariƙin ƙofa yake, ko da kuwa bai ji rauni ba.