Yadda Garin Arcata Ke Tace Ruwan Ƙazanta Kafin Ya Shiga Teku

Arcata ƙaramin gari ne a arewacin jihar Kaliforniya ta Amurka, a bakin mashigin tekun Humboldt. Ana kiwon kawa a mashigin, kuma kawa tace ruwa take yi ta samu abinci. Idan ruwan masai ya shiga wurin ba a gyara shi ba, ƙwayoyin cuta kan taru a jikinta, daga nan su wuce cikin wanda ya ci.

Akwai haɗari na biyu. Ƙazanta tana ɗauke da sinadaran naitirojin da fosfaras, waɗanda taki ne ga gansakuka. Idan gansakuka ta yi yawa ta mutu, ruɓewarta kan cinye iskar oksijin da ke cikin ruwa, sai kifi ya shaƙe.

Bayan dokar tsaftar ruwa ta Amurka ta 1972, an nemi Arcata ta shiga wata babbar matata mai tsada ta haɗin gwiwa da maƙwabtanta. Garin ya ƙi. Da taimakon malaman jami'ar Humboldt, George Allen da Robert Gearheart, ya gina fadamu na musamman da aka kammala a 1986.

Ga yadda tsarin yake aiki.

Mataki na 1: Tacewa. Raga tana tare leda da tsumma, yashi da tsakuwa su kwanta.

Mataki na 2: Kwantar da laka. Ruwan yana tsayawa a tanki har ƙazanta mai nauyi ta nutse. Ita ake sarrafawa ta zama taki.

Mataki na 3: Kududdufai. A nan gansakuka ke samar da oksijin da hasken rana, bakteriya kuma su yi amfani da shi su cinye sauran dattin.

Mataki na 4: Fadama. Ruwan yana ratsa ciyayi irin su kacalla, wadda ta addabi fadamun Haɗejiya. Inuwarsu tana hana gansakuka yaɗuwa, saiwoyinsu kuma su riƙe datti.

Mataki na 5: Kashe ƙwayoyin cuta. Shekaru da dama da kulorin ake yi, amma ragowarsa na cutar da halittun ruwa. Yanzu garin ya koma fitilun UV, waɗanda haskensu ke lalata ƙwayar halittar cuta ta kasa hayayyafa.

Amfanin tsarin shi ne rana da ciyayi ke yin yawancin aikin, ba injin mai cin lantarki ba. Matsalarsa kuwa yana cin fili, kuma yana dab da ruwa, don haka hauhawar teku barazana ce gare shi.

A yau wurin mafaka ce ga tsuntsaye iri sama da 300. Mai wayar hannu zai iya rubuta Arcata Marsh a Google Maps, ya zaɓi hoton tauraron ɗan'adam, ya ga kududdufan da fadamun a jere a bakin ruwa.