KAKA TA ZO: DA WA ZA MU CI SABON HATSI?

Darasin allonmu na wannan mako a kan kaka ne. Wani zai ce mu 'yan cikin badala ina ruwanmu da kaka, tunda ba mu da gona? Ku biyo mu ku ji.

Mece ce kaka?

Kaka ita ce lokacin da ruwan sama yake ɗaukewa, amfanin gona ya nuna, a shiga girbi. Tana zuwa bayan damina, kafin sanyin hunturu ya kankama. Gero ne yake fara nuna, tun wajen watan Agusta zuwa Satumba. Gyaɗa da wake su biyo baya. Dawa ita ce mai nawa, sai wajen Nuwamba ake yanke ta. Bayan girbi akwai sauran aiki: ɗaurin dami, kai shi rumbu, sussuka da sheƙa. Ba abin da ake yarwa. Kara a yi danga ko a hura wuta da shi, harawa kuma a ajiye wa dabbobi.

Mu a birni a baki muke fara gane kaka ta shigo. Za ka ga gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa a bakin titi, ga kabewa an jibge a kasuwar Rimi. Wanda yake da dangi a ƙauye har tumu ake kawo masa. Manyan motoci kuma suna ta sauke buhuna a kasuwar Dawanau da ke kan hanyar Katsina, wadda tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Idan kaka ta yi kyau kuɗin kwanon gero yakan sauka, iyayenmu su ɗan sami sauƙi. Idan ba ta yi kyau ba, a tukunyar gidanmu za mu gani.

Kuma ku sani, birnin nan ma ya taɓa zama wurin noma. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da filaye masu faɗi da gonaki a cikin ganuwa. Gidaje ne suka cinye su daga baya.

Yadda ake murnar kaka

A ƙauyukan Kano akwai bikin kalankuwa, wanda samari da 'yan mata suke yi bayan an gama girbi. Ana kiɗa, ana dambe da kokawa, ana gayyatar matasan garuruwan maƙwabta. Baƙon da ya zo ba ya neman masauki, abokinsa ne zai sauke shi ya ciyar da shi. Tun a gona ma haka ne: idan aiki ya yi wa mutum yawa sai ya kira gayya, abokai su taru su taya shi, ladansu fura da tuwo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba mu kaɗai muke murnar girbi ba. Inyamurai suna bikin sabuwar doya. A Amurka ana hutun godiya ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, kuma waɗanda suke nesa da gida sukan haɗu da abokai su ci abinci tare.

Rabon mabuƙaci

Addininmu ya sa wa amfanin gona zakka. Ba a jira shekara ta zagayo, da an girbe ake fitarwa, idan hatsin ya kai nisabi, wato sa'i 300. Abin da ruwan sama ya shayar, kashi 1 cikin 10 ake bayarwa. Abin da aka sha wahalar ban ruwa, kashi 1 cikin 20. Ga lissafi: manomin da ya sami buhu 20 na dawa da damina zai fitar da buhu 2. Bayan zakka akwai kala, inda ake barin yara da tsofaffi su tsinci abin da ya zube a gona. Ke nan tun daga gona an ware rabon wanda ba ɗan gida ba.

Dangin da ba na jini ba

Nan ne maganar ta zo kanmu. Da an gama girbi, ƙauye yakan taso zuwa birni. 'Yan cin rani su zo neman kuɗi, masu ga-ruwa da masu yankan farce da 'yan dako. Almajirai sababbi su cika tsangayu, wasunsu ba su kai mu shekaru ba. Iyayensu ne suka noma hatsin da muke ci, amma su ga su nan a ƙofar gidajenmu da kwano a hannu, cikin sanyi.

A unguwanninmu mun san yadda irin wannan yaro yake zama ɗan gida. Ya fara da zuwa karɓar tuwon dare, ya koma ana aikensa, har ya riƙa kiran matar gidan Umma, yaran gidan su riƙa ce masa Yaya. Ranar da ba a gan shi ba sai a tura makarantarsu a dubo ko lafiya. Wani idan ya je ganin gida da kaka, sai ya dawo wa uwar ɗakinsa da ƙullin wake ko kuka. Ba jini ya haɗa su ba, kwano ne.

Ko sunayen unguwanninmu shaida ne. Ayagi ta Yarbawa ce tun asali, Tudun Nufawa ta Nufawa, Zangon Barebari ta Barebari, Agadasawa kuma ta mutanen Agadas. Duk baƙi ne aka karɓa, yau kuwa jikokinsu Kanawa ne, wasu ma a benci ɗaya muke zama da su.

Shawararmu

Muna roƙon shugaban makaranta da malamanmu su ba mu rana ɗaya kafin hutun wannan zango mu yi walimar kaka. Ba sai an kashe kuɗi da yawa ba. Kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa: gyaɗa, rake, ɗanwake, ko dafaffen dankali. Sharaɗi biyu ne kawai. Na farko, wanda bai kawo komai ba shi ma zai zauna ya ci, kuma ba mai tambayarsa. Na biyu, kowane aji ya gayyato wani daga waje, kamar maigadinmu, ko mai share mana harabar makaranta, ko almajiran da suke zama a bakin ƙofa lokacin tara. Mu zauna a tabarma ɗaya, ba a miƙa musu ta taga ba.

Aikin gida

1. Manomi ya sami buhu 40 na shinkafa ta noman rani da injin ban ruwa. Buhu nawa zai fitar zakka?
2. Ka tambayi almajirin da yake zuwa gidanku sunansa na gaskiya, da garinsu, da abin da ake nomawa a can.

A kawo amsa ga 'yan ƙungiya kafin ranar Alhamis. Allah Ya ba mu kaka mai albarka, amin.

Daga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida.