MU KOYI GYARA: SAUYA ROBAR KAFIRETA A TSOHON BABUR

Darasinmu na wannan wata a kan babur ne. A Mungadi da ƙauyukan da ke kewaye, babur ya zama jakin zamani. Shi ke kai buhun gero kasuwar Jega. Shi ke ɗauko albasa daga Aliero. Shi ke kai mai naƙuda asibiti Maiyama da tsakar dare. Ɗan kabu-kabu kuwa, da shi yake ci da iyalinsa.

Akwai wata 'yar roba a jikin babur wadda ba a cika kula da ita ba. Kuɗinta kaɗan ne. Amma idan ta tsage aka ƙyale ta, tana iya kashe inji ɗungurungum.

INA ROBAR TAKE?

Inji ba ya shan fetur zalla. Sai an gauraya masa fetur da iska. Kafireta ke wannan aiki. A ma'aunin nauyi, kashi 1 na fetur yana bukatar kusan kashi 15 na iska.

Kafireta tana da baki biyu. A yawancin babura kowane baki yana da robarsa. Ta baya tana haɗa kafireta da akwatin matatar iska, wadda makanikai ke kira iyakilina. Ta gaba tana haɗa kafireta da inji. A babura irin Honda CG 125, wanda aka fara ƙerawa a 1975, da masu kama da shi, za ka ga kafireta a fili, ƙarƙashin tanki. A wasu tsofaffi kuwa, kamar Yamaha YB100 da Suzuki A100, tana ɓoye cikin murfin gefen inji.

ME KE LALATA TA?

Zafin inji yana gasa ta kullum. A bazara zafin rana a jihar Kebbi yakan wuce digiri 40. Ga fetur yana jiƙa ta, ga girgizar hanya. A kwana a tashi sai ta bushe, ta yi tauri, ta tsattsage kamar fadama da rani.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ƙadangarun biyu ne.

Idan robar gaba ce ta tsage, iska ta ɓarauniyar hanya ke shiga. Iska ta yi yawa, fetur ya yi kaɗan. Inji sai ya riƙa zafi fiye da kima. In abin ya daɗe, fistan na iya ƙonewa ko ya kame.

Idan ta baya ce, ƙura ke shiga ba tare da an tace ta ba. Da hunturu abin ya fi muni. Ƙurar nan tana cin ringi da fistan kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Daga nan sai hayaƙi, sai shan baƙin mai, sai rashin ƙarfi.

ALAMOMI

1. Babur yana wuyar tashi, sai an ja cok ko da rana ta take.
2. Ka saki totur, amma ƙarar inji ta ƙi sauka da wuri.
3. Ba ya tsayawa a silo. Ya hau, ya sauka, ya mutu.
4. Salansa tana tas-tas idan ka rage gudu.
5. Ka kwance fulogi, ka ga bakinsa fari fat. Fulogi mai lafiya launin ƙasa-ƙasa yake.

Da yawa in sun ga haka sai su hau murɗa kafireta, ko su sayi sabon fulogi. Kuɗi ya tafi, ciwo yana nan.

YADDA ZA KA GANE

Kashe babur, ka bari ya huce. Matsa robar da yatsa, ka duba sama da ƙasa. Mai lafiya tana da laushi. Wadda ta mutu tana da tauri, kuma tsagar za ta buɗe baki.

In ba ka ga kome ba, tayar da babur, ka bar shi a silo. Kama kafireta ka ɗan girgiza ta a hankali. Idan ƙarar inji ta sauya, iska na shiga. Wasu sukan zuba fetur a kan robar don gwaji. Kada ka yi haka. Gobara ce kake kira.

KAYAN AIKI

Sukundireba, sifana lamba 8 da lamba 10, tsumma mai tsabta, kwano, ruwan zafi, da sabuwar roba. In za ka shagon kayan babur a Jega, tafi da tsohuwar a hannu, ka gwada su baki da baki. Lanƙwasa sabuwar ka gani. Wadda ta daɗe a shago takan bushe tun ba a sa ta ba. Kada ka bi araha, araha ba ta ado.

YADDA AKE SAUYAWA

1. Ja babur nesa da murhu. Ban da sigari, ban da fitilar kananzir. A kori yara daga wurin.
2. Rufe makunnin fetur, ka zare tiyo. Kwance ɗan sukurun da ke gindin kafireta, ka tsiyaye man cikin kwano.
3. Goge ƙurar wurin kafin ka buɗe kome.
4. Sassauta ƙarafan da suka ɗaure robobin. Zare kafireta a hankali, kada ka lanƙwasa wayar totur.
5. Kwance notunan da ke riƙe da robar gaba. Toshe ramin inji da tsumma, kada tsakuwa ko noti ya faɗa.
6. Goge mazaunin robar sosai. In akwai fakin ko zoben roba a wurin, sa sabo.
7. Jiƙa sabuwar roba a ruwan zafi na minti 5 don ta yi laushi. Goge ta ta bushe sarai.
8. Cire tsumman nan daga ramin inji. Kada ka manta!
9. Ɗora robar yadda tsohuwar take. Ɗaure notunan bi da bi, wannan kaɗan, wancan kaɗan. Kada ka matse da ƙarfin tsiya.
10. Mayar da kafireta. Tabbata bakunanta sun shige robobin sosai, kuma ta tsaya daidai, ba ta karkace ba. Sannan ka ɗaure.
11. Murza totur ka saki. Dole ya koma da kansa. In ya maƙale, kada ka tayar da babur sai ka gyara.
12. Mayar da tiyo, buɗe fetur, ka duba yoyo. Buga kik. In inji ya ɗumama, daidaita silo.

Tun da ka buɗe wurin, duba iyakilina. In soso ne, wanke shi da kananzir, ka matse, ya bushe, ka shafa masa baƙin mai kaɗan. In na takarda ne, ba a wanke shi. Kakkaɓe shi, ko ka sauya.

IN TA TSAGE A HANYA

Yanki tsohon tib, ka naɗe wurin tam. Wannan zai kai ka gida ko wurin makanike, amma ba gyara ba ne. Gam ma ba ya daɗewa, zafi da fetur suna cinye shi.

In noti ya ƙi kwantuwa, ko ka sauya roba ciwo bai tafi ba, kai wa makanike. Ba abin kunya ba ne. Kuma ka riƙa duba robobin nan duk lokacin da ka juye baƙin mai, musamman kafin hunturu.

TAMBAYOYI DON AJI

1. Mene ne aikin kafireta?
2. Rubuta alamomi 3 na tsagewar roba.
3. Don me ake toshe ramin inji da tsumma?

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa mai babur. Allah ya tsare mu a hanya. Sai wata mai zuwa.