Darasi: Neman Gudummawa Domin Gasar Mutum-mutumi

'Yan'uwa manoma, a 2017 aka fara gasar FIRST Global a Amurka, inda 'yan makaranta ke harhaɗa mutum-mutumi. Yaranmu na Babban Duhu suna da basira, kuɗin kayan aiki da na mota ke gagararsu. Ga yadda za mu nema musu:

1. Mu fara da kanmu. Kowace ƙungiya ta kawo buhun gero, gama mai bayarwa yakan tambayi abin da muka sa.
2. Mu rubuta gajeriyar takarda: yara nawa, kuɗi nawa, wace rana.
3. Mu kai wa ƙaramar hukumar Safana da 'yan kasuwar Dutsin-Ma tun da kaka.
4. Mu adana rasit, mu aika godiya da lissafi. Wanda ya ga lissafi, baɗi ma zai bayar.