Nazari: Yawan Iskar Gas da Aljihun Maigida a Amurka

Ga al'ada, idan kaya suka yi yawa a kasuwa farashi kan faɗi. Sai dai faɗuwar farashi a wurin sari ba lallai ta kai ga mai saye ɗaya-ɗaya yadda take ba. Abin da ya faru da iskar gas a Amurka misali ne a kan haka.

Akwai wani irin dutse mai falle-falle a can ƙarƙashin ƙasa wanda gas ke maƙale a cikinsa. A 1998 kamfanin George Mitchell ya yi nasarar tsaga shi a yankin Barnett na jihar Texas, ta hanyar tura ruwa da yashi da ƙarfin gaske. Daga bisani aka haɗa wannan dabara da haƙa rijiya a kwance. A shekarar 2000 gas ɗin dutse bai wuce kashi 2 cikin ɗari na abin da ƙasar ke haƙowa ba; a 2023 ya kai wajen kashi 75.

A cibiyar Henry Hub ta jihar Louisiana, inda ake yanke farashin sari, ma'aunin BTU miliyan ɗaya ya sauko daga kusan dala 9 a 2008 zuwa ƙasa da dala 3 a 2012, watau ragin kashi biyu bisa uku. Amma magidanta, waɗanda kusan rabinsu da gas suke ɗumama gidajensu, ragin da suka gani bai wuce rubu'i ba. Dalili kuwa shi ne, kuɗin gas ɗin kansa wani ɓangare ne kawai na takardar biya. Saura na bututu ne, da gyare-gyare, da haraji, da ribar mai rarrabawa, kuma waɗannan ba su san rijiya ta yi albarka ba. Haka nan wutar lantarki: gas ya zarce kwal wajen samar da ita a 2016, ya kuma rage mata saurin tashi, amma bai karya farashinta a gidaje ba.

Bugu da ƙari, arahar ba ta da tabbas. A watan Fabrairu na 2016 tashar Sabine Pass ta fara loda gas ɗin da aka mayar ruwa zuwa ƙetare. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, Turai ta yi rububin saye, farashin sari ya haura dala 9 a watan Agusta, magidanta kuma suka ji a jikinsu.

Saboda haka, ɗan kasuwar da ya ji an gano sabon arzikin gas, kafin ya sa ran araha sai ya yi tambaya biyu: nawa ne kuɗin kai shi ƙofar gida, kuma wa ke taya shi daga waje?